Innarka Ba Ta Ce Ka Tafi ba Tukuna

Zuwa ga ɗana Sagiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maƙwabtanka na shago da duk wanda kuke sa hannu a kwano ɗaya a birni. Allah ya tsare min kai, ya tsare ƙafarka da bakinka. Mu nan alhamdu lillahi, an gama kaka, abin da Allah ya ba mu mun zuba a rumbu, ko da yake bana ma rumbun bai ɗauki nauyin da zai dame shi ba.

Na zaɓi takarda ne don waya ba ta yi min. Da na fara magana sai ka kama "To Baba, to Baba," kati ya ƙare ban faɗi abin da na ɗauko ba. Ɗanliti direba zai miƙa maka ita in ya sauke kayansa a kasuwa.

Tun ranar da ka zo sallama gidan nan bai koma daidai ba. Ka durƙusa gaban Innarka ka ce ka daɗe kana tari, kana so ka bi motar haya kai kaɗai ka ratsa Binin da Togo har ka dangana da Gine, ka ga yadda mutane suke zaune, ka dawo. Ita kuwa ta ci gaba da tankaɗenta kamar da bango kake magana. Da ka fito zaure idonka ya kaɗa, ka ce min ba za ka taka mota ba sai ta buɗe baki ta ce ka tafi. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, kuma ina tare da kai a kanta. Amma rani ba ya jiran kowa. In ya wuce ba ka tafi ba, na san halinka, shiru za ka yi ka koma gyaran wayoyinka, abin ya zauna maka a ciki har ka tsufa. Wannan nake gudar maka.

A majalisa kuwa kai ne abin taɗi. Baffanka Idi ya ce shi dai ya san tafiyar fatauci, ya san ta karatu, ya san ta Makka. Amma a ce mutum ya kwashi guminsa a cikin wannan tsada ya tafi ganin gari, wannan bai san sunanta ba, sai dai ko a nemo mai tofi. Na taya su dariya don kada a ce na goyi bayan ɗana. Sai liman ya dube ni ya ce, "Har da kai a dariyar? Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Aka sake kwashewa da wata dariyar, wannan karon ni ake yi wa.

Gaskiya ya faɗa. A shekarun farin nan da kake jin muna ambata, lokacin da gero ya bushe a tsaye aka koma garin rogo da ganyen tafasa, samarin garin nan duk sun watse ci-rani. Yawanci kudu suka yi. Ni na haɗa ɗan koli, allura da zare da madubi da kwalli, na nufi gabas. Na ce wa kowa abinci zan je nema, ban kuma yi ƙarya ba. Sai dai akwai abin da ban faɗa ba. Tun ina yaro, in babbar mota ta wuce ta bayan gonarmu, sai in tsaya da fartanya a hannu ina tunanin garin da za ta kwana. Yayarka Binta tana goye a lokacin. Na ce wa Innarka kafin ruwan shuka na dawo.

Bari in ba ka wautar da na tafka a hanya, ko ka tsira daga irinta.

Duk garin da na sauka, daga tasha sai zango. Ka san mu Hausawa, ko bangon duniya ka je sai ka tarar da namu ya riga ka, ya kafa rumfa yana yanka tsire. A zango nake kwana, a zango nake sallah, tuwon masara nake ci da miyar kuka, hirar Kano nake ji daga safe har yamma. A wani gari can tsakiyar Kamaru na daɗe ƙwarai a gidan wani Alhaji Ɗanjuma, mutumin kirki, Bakano ne da mahaifinsa ya zauna can. Kullum bayan asuba, kafin gari ya cika da hayaniya, sai in ji wani rugugi daga kudu kamar hadari na tasowa, alhali sama tas take. Ran nan na tambaye shi. Ya ce, "Ruwa ne yake faɗowa daga kan dutse. Turawa ne ke zuwa kallonsa, su da ba su da aikin yi. Kai da ka zo neman abinci, ruwan ne zai sayi madubinka?" Na ji kunya na koma kan kolina.

Sagiru, ka duba wannan abu. Na baro garin da ake fita bayan gari roƙon ruwa, manya na juya riguna, yara na kuka. Ga inda ruwa ke zuba daga sama dare da rana ba mai tare shi, tafiyar da ba ta fi daga nan zuwa Dawaki ba, ban je na gan shi ba. Har yau ban san kamarsa ba. Fari ne? Yana da faɗi? Ƙasan da yake faɗawa rami ne ko tafki? In hadari ya taso wani lokaci sai in kama kaina ina ƙera shi a zuci, kullum kuma da siffar da nake ba shi. Don haka ka sauka a zango, ban hana ka ba, a nan za ka sami masallaci da naman da ka yarda da yankansa da wanda zai tsaya maka in wani abu ya faru. Amma da gari ya waye ka fita. Mai masauki yana sonka, sai dai shi ya daina ganin garin tun tuni. In ya ce maka babu komai a wuri kaza, ka yi masa godiya, ka tambayi hanyar wurin.

Sai maganar abinci, wadda har yanzu in na tuna nakan yi dariya ni kaɗai. Motar katako muka hau za mu tsallaka Afirka ta Tsakiya, ta lalace mana a wani ƙauye cikin kurmi. Direba ya bi wata motar ya koma neman ƙarfen da ya karye. Mutanen ƙauyen suka rarraba mu gida-gida. Ni wani dattijo ya ja hannuna. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Matarsa ta kawo min wani abu dogo a naɗe cikin ganye an ɗaure shi da zare, yana wani tsami-tsami da hancina bai taɓa ji ba. Maimakon in tambaya, sai na nuna sama, na rufe bakina da hannu. Yaron motarmu ya fassara musu cewa Malam azumi yake.

Wayyo, da na sani! Dattijon nan ya san Musulmi, fatake na ratsa su. Nan da nan ya sa aka shimfiɗa min tabarma a inuwa, ya kori yara, ya hana kowa cin ko da ayaba a gabana. Abokan tafiyata kuwa, 'yan Katsina biyu, suna can suna lodar abinci, in sun wuce su ce, "Malam, a sa mu a addu'a." Da rana ta faɗi, me kake tsammani aka kawo min na buɗa baki? Abin nan dai na cikin ganye, har an ninka min tunda na wuni da yunwa, ga miyar ganyen rogo da gyaɗa da busasshen kifi. Na yi bisimilla na rufe ido na gutsura. Ashe rogo ne kawai aka jiƙa aka daka aka turara, ga shi da danƙo da daɗi. Na cinye tas. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Kowace safiya dattijon zai zo ya nuna sama yana tambayata ko yau ma, ni kuma kunya ta sa in gyaɗa kai. Direba bai tashi dawowa ba sai da na rame. Azumi ba niyya ba lada, sai baƙar yunwa a gidan da abinci ya yi yawa.

To, in an ajiye maka abin da ba ka sani ba, ka tambaya da me aka yi shi. Ko ba yare, hannu yana magana. In nama ne da ba ka san yankansa ba, ka faɗa a fili cewa ba ka ci, ka nuna kifi ko ganye, ba wanda zai ji haushi. In halal ne ka ci, ko da hancinka bai so ba, don hanci baƙauye ne, sai an yi masa dole. Kada kuma ka fake da addini don ka guje wa abin da ranka ne kawai ya ƙi.

Ruwan shukar da na yi alkawari a Chadi ya same ni. Na ce bari in ɗan ƙara gaba, abin da na tara bai kai a shiga gida da shi ba. Daga bari in ga garin can sai bari in ga na gabansa, har damina ta biyu ta wuce. Baffanka Idi ne ya noma mana abin da ya samu, Innarka kuwa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta riƙe kanta. Na taɓa ba wani mai goro saƙo, bai iso ba. Ranar da na dawo, Binta ta ga baƙon ƙato a tsakar gida, ta ƙwalla ƙara ta shige ƙarƙashin gado. Wannan kukan ya daɗe yana yi min ciwo. Kai yanzu kuna da waya, ba ka da uzurin da nake da shi. Ka faɗi lokacin dawowarka, ka kuma dawo a lokacin, ko da saura gari ɗaya ne ba ka gani ba. Garin yana nan, ba inda za shi.

Ban dawo da kuɗin kirki ba, amma na dawo da abin da nake ganin ya fi kuɗi. A kudancin Chadi na ga wata dawa, zangarniyarta kamar damtsen ƙato, har karan yana sunkuyawa don nauyi. Na tsaya a bakin gonar na kasa tafiya. Na ba mai gonar madubai da allurai ya auna min iri, na ƙulle shi a ƙasan jaka ina ta lallaɓa shi har gida. Da damina ta faɗi Baffanka ya kawo min irin kaura, na ce ya riƙe abinsa. Ya ce, "Yaya, ko kunya biyu ka gwada tukuna mana." Na ce masa wanda bai fita ba ai bai san dawa ba. Na shuke gonata kaf da ita.

Ta fito kuwa, tubarkalla. Ta wuce ta kowa, ta wuce tsayin mutum, ta wuce zauren gidan nan. Har daga ƙauyukan maƙwabta ake zuwa kallo, ni kuma ina tsaye a bakin gona ina amsa gaisuwa kamar sabon ango. Dawar mutane ta fitar da kai, tawa tana ta ganye. Na ce babba ai ba ya gaggawa. Ruwa ya ɗauke, tawa ko alamar kai babu. Ashe daminarsu ta fi tamu tsawo nesa ba kusa ba, dawar tana jiran ruwan da ba zai zo ba. Tambaya ɗaya ce ban yi wa mai gonar nan ba, wato wata nawa ruwansu yake yi. Kara dai na samu, wanda ba a taɓa ganin irinsa ba, unguwar nan duk da shi aka yi darni a shekarar. In kana jin tsofaffi suna ce min Na-kara, ka ɗauka don tsayina da rashin jiki ne, to yau ka ji asalinsa.

A waccan shekarar awakin Innarka ne suka ciyar da mu, ɗaya bayan ɗaya, har turken ya zama wayam. Ko sau ɗaya ba ta goranta min ba. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba. Saboda haka duk abin da ya burge ka a ƙasar mutane, iri ne ko sana'a ko wata ɗabi'a, ka tambayi abin da ke riƙe da shi a can kafin ka ɗauko. In ka kawo, ka gwada a gefen gona.

Ni ma fa ina da nawa saƙon, kada ka ce tsoho ya cika fitina. Garin nan na Binin da ka nuna min a waya, wanda aka gina a kan ruwa, ina suke binne mamatansu? Awakinsu a ina suke kiwo? Gidajen ƙasar nan na Togo masu bene da rumbu a kan rufi, yaya suke hana gara? An ce a Gine acca ce abincinsu, to wane mai haƙuri ne yake sussuka ta? Ka zauna da manoma, ka ɗebi ƙasarsu ka murza a hannu, ka ga irin fartanyarsu. Jandarma in sun tare ka, ka fara gaishe su da harshensu ko da kalma ɗaya ce, takardunka kuma su kasance a jikinka, ba a cikin jakar da ke kan mota ba.

Duk wannan na rubuta shi ne ina ganin na san abin da ke damun Innarka. Na ɗauka daminar nan biyu ce da awakinta, tana tsoron kada ɗa ya maimaita abin da uba ya yi. Niyyata in ce maka ka zo ka rantse mata za ka dawo kafin shuka, ni kuma in tsaya maka. Ashe ban san komai ba.

Jiya da hantsi na dawo tsakar gida da rubutun, don zaure ya yi duhu. Tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Ta dube ni ta ce, "Malam, kwana biyu kana ta zanen takarda kamar mai neman kansila. Wa ake kai ƙara?" Na ce wa Sagiru nake rubutawa. Ta ce, "To karanta in ji ƙaryar da ake shirya masa."

Na fara karantawa. Da na zo kan ruwan nan mai faɗowa daga dutse, sai na ji ƙarar ɓawon gyaɗa ta tsaya. Da na zo kan azumi, ta yi dariya har da hawaye, tana sharewa da gefen zane tana cewa, "Kai Malam, kai Malam!" Rabon da in ji ta yi irin wannan dariya na manta. Da na gama sai ta ajiye faifan, fuskarta ta canja.

Ta ce, "Wato duk wannan ka gani, ni ka dawo ka ce min ba komai."

Na ce yaushe na faɗi haka.

Ta ce, "Ranar da ka dawo. Na kawo maka ruwa na durƙusa, na ce Malam me ka gano? Ka ce ba komai, duniya ce kawai. Da la'asar kuma ina jiyo ku a ƙofar gida, kana ba 'yan majalisa labari suna ta ƙyaƙyatawa. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Na sha zuwa jikin darni in tsaya da tsintsiya a hannu, in tsinci rabi, iska ta tafi da rabi. Ni awaki ba su dame ni ba, akuya ai ana sayen wata. Damina biyu na yi ina soya ƙuli, ina cewa bari dai ya dawo, ko bai kawo komai ba zan ji yadda duniya take."

Sagiru, na rasa inda zan sa kaina. Ni a lokacin gani nake, mutumin da ya dawo hannu rabbana, da wane baki zai zauna yana ba matar da ta sha wahala labarin kurmi da duwatsu? Na ɗauka zai zame mata kamar izgili. Ban taɓa kawowa a raina cewa abin da ke tsayar da ni a bakin gona in mota ta wuce, ita ma yana tsayar da ita a bakin turmi ba. Na zauna da mace fiye da rabin rayuwata ban san wannan ba, kuma abin ya yi min zafi.

Ta ce, "Shi ma haka zai yi. Ya tafi ya bar ni da zullumi, ya dawo ya baje wa abokansa hotuna a waya, ni ya ajiye min turmin atamfa ya ce Inna ga tsaraba. Atamfa ce ban taɓa gani ba?"

Na ce to me take so a yi. Ta ɗauki faifan ta ci gaba da ɓara, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Dam ɗin nan na Watari, tumatirinsa nake ci tun ba a haifi yaron nan ba. An ce in ka tsaya a wannan gaɓar ba ka gane mutumin da ke waccan. Da gaske ne?"

Sai a lokacin na lura. An kai ta biki garuruwa, an kai ta asibiti birni, amma ba wanda ya taɓa kai ta wani wuri don kawai ta gani. Na ce gobe-goben nan zan ari babur in kai ta.

Ta ce, "A'a, kai yi zamanka. Mai neman izini shi zai kai ni. In ga ko ya iya nuna wa mutum abu, in ji ko bakinsa yana buɗewa. A can bakin ruwan zan ba shi amsarsa."

To, ka ji inda magana ta tsaya. Ka taho ranar Juma'a da babur, ka zubo mai isasshe. Kada ka yi gudu da ita, kada kuma ka ce mata rana na yi. In ta ce a tsaya a gonar albasa, ku tsaya. In tana so ta taɓa ruwan, ka riƙe mata hannu ta sauka. Duk abin da ta tambaya ka amsa, wanda ba ka sani ba ku tambayi masunta tare. Wayar nan kuma ka bar ta a aljihu.

Ta ce kada in kuskura in rubuta maka cewa ta yarda, don ba ta yarda ba tukuna. To, ban rubuta ba. Gyaɗar dai da take ɓara ta fi ƙarfin miyar gidan nan, sai dai guzurin matafiyi, da safen nan kuma ta aika gidan Binta a karɓo mata mayafinta na fita unguwa.

Allah ya kawo ka lafiya. In ta sallame ka, Allah ya buɗa maka hanya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya kare ka daga sharrin ƙarfe da na ruwa da na mutum, ya dawo mana da kai kafin ruwan shuka. Baffanka yana gaishe ka duk da surutunsa, Binta da yaranta ma haka. Ranar Juma'a ba zan je majalisa ba. Ina nan tsakar gida har ku dawo, ina so in ji abin da ta gano.

Wassalam,
Mahaifinka